Matambayi Ba Ya Ɓata: Halartar Biki a Tsohuwar Fada a Sikotilan

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowar, kuma dukkansu a kan abu guda suke, wato gayyatar biki da ake yi a tsofaffin fadoji na dutse da ke yankin Sikotilan a arewacin Birtaniya. 'Ya'yanmu da suka tafi karatu ko aiki can suna yin aure, wasunsu kuma sukan kama irin waɗannan gidajen tarihi haya na kwana ɗaya ko biyu domin shagali, sai iyaye da dangi a gida su tsinci kansu da kati a hannu da tambayoyi a baki.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum. 'Yar yayata da ke aikin jinya a Birtaniya za ta yi aure a watan Agusta, kuma katin da aka turo mana ya nuna cewa za a yi shagalin a wata tsohuwar fada da ke kudu da birnin Edinburgh, tafiyar kimanin rabin awa a mota. Ni da maigidana da mahaifiyata muke shirin zuwa, ita kuwa mahaifiyar tamu ta haura shekara saba'in, tana kuma fama da ciwon gwiwa. An ce akwai ɗakunan kwana a cikin fadar. Ina neman shawara a kan biza da hanya da masauki. Sannan ƙanwata tana so ta biyo mu da yaranta biyu, ko da yake sunanta ba ya cikin katin. Daga wata Hajiya a Kano.

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Zan fara da maganar ƙanwarki, domin ita ce ta fi sauran nauyi. A irin wannan biki ana biyan kuɗin abinci ne bisa adadin mutane, ana miƙa wa masu kula da fadar jerin sunaye makonni kafin ranar, kuma kowace kujera a ɗakin cin abinci akwai ɗan kati a gabanta ɗauke da sunan wanda zai zauna. Ɗakin taron ma yana da iyakar mutanen da dokar kiyaye gobara ta yarda ya ɗauka. Don haka wanda ya zo gayyar soɗi zai tsaya ne babu wurin zama babu faranti, amarya kuma ta shiga kunya a gaban surukanta a ranar da ya kamata hankalinta ya kwanta. Ki kira 'yar taku yanzu, ki tambaye ta kai tsaye ko za a iya ƙara mutum uku, ki kuma sa a ranki cewa idan ta ce ba zai yiwu ba, ba raini ba ne. Wasu bukukuwan ma ba a zuwa da yara ƙanana sam. Ki duba katin naku da kyau, domin gayyata iri biyu ce a can: akwai ta yini gaba ɗaya, daga ɗaurin aure har cin abinci, akwai kuma ta shagalin dare kawai.

Game da biza, Sikotilan ɓangare ce ta Birtaniya, saboda haka bizar ziyara ta yau da kullum, wadda ke ba da damar zama har wata shida, ita za ku nema. Akwai wata biza daban ta masu zuwa su yi aure, amma wannan ta ango da amarya ce, ba ta 'yan biki ba. Ana iya shigar da takardu tun wata uku kafin ranar tafiya, kuma a ƙa'ida amsa kan fito cikin kimanin mako uku bayan ɗaukar hoton yatsu, sai dai bazarar Turai lokacin cunkoso ce, don haka ku shigar da naku a watan Mayu. Kowane ɗayanku zai cika tasa takardar, har da Hajiya babba. Ku haɗa da wasiƙar gayyata daga amarya mai ɗauke da ranar biki da wurinsa, da bayanan asusun banki na watannin baya, da shaidar aiki ko kasuwanci. Abin da ya fi jawo a hana mutanenmu biza shi ne zuba maƙudan kuɗi cikin asusu dab da neman bizar ba tare da bayanin inda suka fito ba. Ku guji duk wani dillali da zai ce zai haɗa muku takardu, domin takardar bogi guda ɗaya na iya jawo wa mutum haramcin shiga ƙasar na shekara 10.

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Edinburgh. Hanya ɗaya ita ce daga Abuja ko Legas zuwa Landan, tafiyar awa shida da wani abu, sannan a shiga ƙaramin jirgi na kusan awa ɗaya da rabi, ko kuma jirgin ƙasa daga tashar King's Cross zuwa tashar Waverley da ke tsakiyar Edinburgh, wanda ke cin kimanin awa huɗu da rabi. Jirgin ƙasan yana da daɗi, musamman inda yake bin gaɓar teku bayan an wuce Newcastle, amma da dattijuwa da manyan akwatuna ban ba ku shawarar ratsa Landan daga filin jirgi zuwa tasha ba. Ya fi muku sauƙi ku sayi tikiti guda wanda zai kai ku har Edinburgh, ko ta Landan ko ta Doha ko ta Istanbul, yadda kamfanin jirgi ne zai ɗauki nauyinku idan jirgi na farko ya makara. Idan aka ba ku hanyar da ta bi ta Amsterdam ko Paris ko Frankfurt, ku sani cewa mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar yada zango a filayen jiragen ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, sai waɗanda aka keɓe, don haka ku tabbatar da matsayinku kafin ku biya kuɗi. Tun wajen sayen tikiti ku nemi a tanadar wa Hajiya babba keken guragu, domin tafiyar ƙafa a cikin manyan filayen nan tana da tsawo, kuma ba a biyan ko sisi a kan wannan hidima. Ku isa kwana biyu kafin biki.

Sai maganar masauki, inda nake so ki natsu sosai. Fadojin da ke wannan yanki, irin su Borthwick wadda aka gina a 1430, da Dalhousie wadda tushenta ke komawa ƙarni na 13, an gina su ne domin kare kai daga abokan gaba. Bangonsu na da kauri ƙwarai, tagoginsu ƙanana, kuma a yawancin irinsu ana hawa bene ne ta wata siririyar matakala ta dutse mai murɗewa, wadda mutum ɗaya kawai take ɗauka, tsakiyar kowane taki ya lotsa saboda sawun ƙarnoni, abin riƙewa kuma sau da yawa igiya ce da aka ɗaura a jikin bango. Dokar kare gine-ginen tarihi ba ta barin a fasa bango yadda aka ga dama, shi ya sa da dama daga cikinsu ba su da na'urar hawa bene. Mai ciwon gwiwa za ta sha wahala ainun idan aka ba ta ɗaki a hawa na uku. Ban da haka, ɗakunan kwanan ba su da yawa, kuma akan ware su ga ango da amarya da iyayensu. Ki sa amarya ta tambayi masu kula da wurin abu biyu tun yanzu: ko akwai ɗaki a ƙasa, da kuma yawan matakalar da ke tsakanin ƙofar shiga da ɗakin da za a ɗaura auren. Idan babu ɗaki a ƙasa, ku kama otal na zamani a cikin gari ko a ɗaya daga ƙananan garuruwan da ke kusa, kamar Dalkeith ko Bonnyrigg.

Watan da aka sa bikin ma yana da nasa ƙalubalen. A Agusta ne ake gudanar da manyan bukukuwan wasanni da al'adu na Edinburgh, waɗanda aka fara tun 1947, kuma garin kan cika maƙil, kuɗin ɗaki ya yi tashin gwauron zabo, masu arha kuma su ƙare tun watanni kafin lokacin. Ku kama ɗaki yanzu, irin wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba idan biza ba ta fito ba. Tunda ku uku ne, gidan haya na 'yan kwanaki mai ɗauke da madafa zai fi muku ɗakunan otal biyu, ko ba komai Hajiya babba za ta samu a dama mata kunu da safe. A otal ba a ba da makulli sai wajen ƙarfe uku na rana, kuma ana sallamar baƙo da misalin ƙarfe goma ko sha ɗaya na safe. Abu na ƙarshe shi ne dawowa da dare. Shagali kan tashi ne wajen tsakar dare, fada kuma tana cikin karkara inda babu tasi mai yawo kuma manhajojin kiran mota ba su cika samun direba ba. Masu biki da yawa sukan yi hayar bas ta ɗauko baƙi daga gari ta kuma mayar da su, don haka ki tambaya, idan babu ku yi alkawari da mai tasi tun kwanaki kafin ranar, ku sa masa lokaci na zuwa da na komowa.

Tambaya ta biyu

Ƙanena zai auri wata Baturiya Musulma a watan Yuni a wata fada kusa da Edinburgh, kuma ni ne zan wakilci mahaifinmu. Danginta ba Musulmi ba ne. Damuwata ita ce abinci da salla da irin tufafin da ya dace mu sa. Iyalina kuma ta shirya kilishi da turaren wuta za ta kai wa amarya. Daga wani Malam a Zariya.

Amsa

Malam, Allah ya sa albarka a cikin wannan aure. Kilishin nan a bar shi a gida. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga ƙasashe irin tamu shiga da nama ko abin da aka sarrafa da nama ko madara, busasshe ne ko ɗanye, don haka kilishi da dambun nama da man shanu duk kwastan za su karɓe su, har ma a iya gurfanar da mai kayan idan ya ɓoye. Turaren wuta kuwa tsaraba ce mai kyau, amma ka ja kunnen Hajiyarka kada ta kunna shi a ɗakin otal ko na fada. Akwai na'urar jin hayaƙi a rufin kowane ɗaki, kuma garwashi guda a kasko ya isa ya tayar da ƙararrawar ginin gaba ɗaya, a fitar da kowa waje cikin sanyi, wani lokaci har 'yan kwana-kwana su iso. Humra da turaren shafawa sun wadatar har a koma gida.

Abinci ana tsara shi ne tun kafin ranar, kuma tare da katin gayyata akan bar wurin da baƙo zai rubuta abin da ba ya ci. Ka rubuta a fili cewa kuna buƙatar naman halal, idan kuma masu girki ba za su iya samarwa ba, ku zaɓi kifi ko ganyayyaki, kuma ka ƙara da cewa kada a sa giya ko kitsen alade a cikin miya ko kayan zaƙi. Wannan ƙarin yana da muhimmanci, domin mutanen Sikotilan suna alfahari da barasarsu ta wiski, har sukan zuba ta cikin romon da ake ɗorawa a kan nama da cikin wani kayan zaƙi na kirim da ake kira cranachan. Za ku iya ganin haggis, abincinsu na gargajiya da ake yi da zuciya da hanta da huhun tunkiya haɗe da albasa da hatsin oat, kuma matsalarsa gare ku ita ce yanka, amma akwai nau'insa na ganyayyaki zalla. Da safe kuma ku kula da wani baƙin yanki mai zagaye da ake ajiyewa kusa da ƙwai, domin da jini ake yin sa. Kifin salmon na ƙasar yana da kyau ƙwarai, kuma shi ne mafita mafi sauƙi. Idan an zo ɗaga kofi domin taya ango da amarya murna, ka nemi lemo ko ruwa, babu wanda zai ga laifinka.

Salla tana buƙatar shiri, domin a ƙarshen Yuni rana kan fito a Edinburgh tun wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ba ta kuma faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, sannan hasken sararin sama ba ya gushewa gaba ɗaya har gari ya waye. Wannan ya sa lokacin Isha da na Asuba suke da wuyar tantancewa da ido, don haka ka bi jadawalin Babban Masallacin Edinburgh da ke Potterrow, kusa da jami'a, wanda aka buɗe a 1998, kuma a nan za ku yi Juma'a, ga gidajen abinci na halal a kewayensa. Alƙibla daga can tana kudu maso gabas ne. Ka roƙi ƙanenka ya sa a ware muku ɗan ɗaki mai tsabta a fadar domin Azahar da La'asar, kuma ku tafi da dardumarku da ƙaramar buta, tunda banɗakunansu ba su da abin tsarki, ba kuma a yi ƙasansu domin zubar ruwa ba. Tunda kai ne wakili, yana da kyau ka san cewa a Sikotilan doka tana ba da izinin ɗaura aure ga mutum ne, shi ya sa limamin da ke da izini zai iya ɗaura auren da hukuma ta amince da shi a fada ko a lambu, muddin ma'auratan sun miƙa sanarwa ga magatakarda aƙalla kwana 29 kafin ranar.

Tufafi kuwa, ka sa babbar rigarka da hularka da zuciya ɗaya, domin mutanen wurin suna girmama wanda ya zo cikin kayan gargajiyarsa, su ma da nasu za su zo. Za ka ga maza sanye da kilt, wani zane na ulu mai ratsi-ratsi da ke tsayawa a gwiwa, kuma ka gargaɗi matasan da ke tare da kai kada su yi dariya ko nuni, domin kayan girma ne da ke nuna zuriyar mutum, har gwamnati ta taɓa haramta shi daga 1746 zuwa 1782. Ko a tsakiyar bazararsu zafin rana bai cika kai maki 20 ba, ga yayyafi ba zato ba tsammani, ga sanyin bangon dutse, saboda haka a sa rigar sanyi mai kama jiki a ƙarƙashin shadda, mata su riƙe mayafi mai kauri, su kuma haƙura da takalmi mai tsini saboda tsakuwa da ciyawa da matakala. Kada mace ta sa farare zalla, wannan na amarya ne. Za a yi busa da wata irin algaita mai jakar iska, da dare kuma a yi rawar gargajiya ta ceilidh inda maza da mata ke riƙe hannun juna, kuma wanda ya zauna yana kallo bai yi laifi ba. Ba a yin liƙi, gudummawa a ambulan ake sa ta tare da ɗan kati. Idan kati ya ce ƙarfe ɗaya, ku kasance a kujerunku da sha biyu da rabi.

Tambaya ta uku

Ina da kwana uku bayan bikin abokina. Ina so in yi hayar mota in je tafkin Loch Ness, daga nan in leƙa Dublin ko Paris. Me kuke gani? Daga wani matashi a Kaduna.

Amsa

Ɗan'uwa, cire Dublin da Paris daga lissafi, domin bizar Birtaniya ba ta shigar da mai fasfon Najeriya Jamhuriyar Ireland ko Faransa, kowacce da tata. Hayar mota ma ban goyi baya ba. A can ana tuƙi ne ta hannun hagu, abin da muka bari tun 1972, kuma a tsaunukan arewa akwai hanyoyi masu faɗin mota ɗaya da ake raɓewa a wasu gurabe domin mai zuwa ya wuce. Loch Ness tana da nisan fiye da awa uku daga Edinburgh, kuma bas ɗin 'yan yawon buɗe ido kan ci kusan awa 12 zuwa da dawowa, yawancinsu a zaune. A ganina kwana uku sun fi ƙarfin a ƙona ɗaya a haka.

Ka ba Edinburgh kanta kwana ɗaya cur. Ka sayi tikitin babbar fadar garin ta intanet tun kafin ranar. Tana bisa wani dutse da ya samu daga tsohon aman wuta, kuma a cikinta akwai kambi da sanda da takobin sarautar Sikotilan, waɗanda su ne kayan sarauta mafi daɗewa a Birtaniya, da ɗan ƙaramin ɗakin ibada na ƙarni na 12 wanda ya fi kowane gini a birnin tsufa. Ka yi ƙoƙari ƙarfe ɗaya na rana ta same ka a can, lokacin da ake harba igwa kullum ban da Lahadi, al'adar da aka fara a 1861 domin jiragen ruwa su daidaita agogonsu. Daga ƙofar fadar ka gangaro ta titin Royal Mile har zuwa fadar Holyroodhouse, masaukin Sarkin Birtaniya idan ya zo Sikotilan, idan kuma kana da sauran ƙarfi ka hau tudun Arthur's Seat mai tsayin mita 251 ka ga gari da teku. Shiga gidan tarihi na ƙasa kyauta ne, kuma shi ne mafaka idan ruwa ya sauko.

Rana ta biyu ka shiga jirgin ƙasa zuwa Stirling, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, inda aka naɗa Sarauniya Mary ta Sikotilan tana jaririya a 1543. Rana ta uku ka je South Queensferry ka tsaya ƙarƙashin jar gadar ƙarfe ta Forth, wadda aka buɗe a 1890 kuma har yau jiragen ƙasa ke bi ta kanta. Tunda daga Arewa kake, ka riƙe a ranka cewa Hugh Clapperton, Baturen da ya shiga Kano a 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma rasu kusa da Sakkwato a 1827, ɗan garin Annan ne da ke kudu maso yammacin wannan ƙasa.

Wajen kashe kuɗi, kati ya fi tsabar kuɗi amfani, don haka ka tabbatar naka yana aiki a waje kafin ka tashi, kuma duk wanda ya shiga da tsabar da ta kai fam 10,000 dole ya bayyana ta ga kwastan. Ka yi inshorar lafiya ta tafiya, domin baƙo yana biyan kuɗin kwanciya a asibiti. Cajar wayarka za ta shiga soket ɗinsu, tunda mai baki uku ce irin tamu. Bankuna uku na Sikotilan suna buga nasu takardun fam, darajarsu ɗaya da na Ingila, amma wasu shaguna a Landan sukan ƙi karɓa, kuma canza su a gida yana da wuya, don haka ka kashe su a kan tsaraba ko ka musanya su a banki kafin ka bar Edinburgh.